Simintin da Muka Zuba a Filin Kokawa

Har yau idan na ji mutum ya miƙe a taro ya ce ya zo ƙarfafa matasa ta hanyar wasanni, sai in tashi in bar wurin. Ba wasan nake ƙi ba, ni ma na yi kokawa har sai da gwiwa ta hana ni. Abin da na gani a Sabha ne yake taso mini, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu, shi ya sa ya ƙi kwanciya.

A shekarun da arzikin fetur ya sa Libiya gini ba ji ba gani, na bi kawuna, ƙanen mahaifiyata, daga ƙasar Damagaram zuwa Sabha. Shi magini ne, ni lebura, ina cuɗa masa siminti ina miƙa bulo a wani wurin gini a unguwar Gurda. Na yi lakwal, wato makarantar boko, a gida har aji shida, ina jin Faransanci, kuma ɗan Faransancin nan ya kumbura mini kai fiye da kima. A ganina shebur bai dace da ni ba, ƙaddara ce kawai ta damƙa mini shi.

Kawu ya haura arba'in a lokacin. Gajere ne, kakkaura, wuyansa kamar turmi, maganarsa ba ta da yawa. Abu biyu ya sani a duniya, gini da kokawa, kuma duka biyun ba ya yi musu wasa. Na sha ganin ya rushe layin bulo uku da wani ya jera saboda ya ɗan karkace, karkatar da ko mai gidan ba zai taɓa gani ba. In an yi masa magana sai ya ce shi ya gani.

Filin kokawarmu yana bayan wani gareji a unguwar Manshiya. Kango ne kawai, amma mai garejin, wani dattijo Balarabe, ya tsaya mana wurin 'yan sanda, shi ya sa ake barin baƙi irinmu su taru a nan ranar Juma'a bayan la'asar. Wanda bai san kokawa ba zai ce garin da hamada ta kewaye ai ko'ina fili ne. Ba haka ba ne. Ƙasar cikin gari cike take da ƙusa da waya da fasassun kwalabe. Wani direba ɗan Agadas ne ya ɗebo mana rairayi mai laushi daga bayan gari, mota biyu, muka zuba har ya kai tsakiyar ƙauri. Kowace Juma'a da hantsi sai mu zo da rariyar magina mu tankaɗe shi tas. In mun gama, Kawu ya cire takalmi ya zagaya filin a hankali, yana lalube da tafin ƙafa. Ko tsakuwa ɗaya ya taka sai an sake wurin. Makaɗinmu kuwa bokitin fenti ya rufe da fatar akuya, kuma wallahi gangar tana tashi.

A filin nan, shekara guda kafin zuwana, wani Ba'adare, mutumin ƙasar Adar, ya kayar da Kawu a gaban kowa. Kafin ranar ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa a Sabha. Ba'adaren yana aikin gonar dabino ne a Zighan, ba ya shigowa gari sai jefi-jefi, don haka ramuwa ta yi ta ja. Kawu ba ya zancen, amma na san abin yana cin sa, don kullum bayan an tashi aiki sai ya rungumi buhun siminti ya ɗaga ya ajiye har sai gumi ya jiƙe shi. Sai ga saƙo ta bakin direban nan cewa Ba'adare zai koma gida gaba ɗaya in an gama yankan dabino, zai ratso ta Sabha, kuma ya ba Kawu Juma'a ɗaya. A wurinmu ba a rama kaye a ɓoye, sai a gaban idanun da suka ga na farko. Juma'ar nan guda ita ce duk abin da Kawu yake jira.

Ana saura wata biyu sai ga baƙi a wurin aikinmu. Wani Nasara ne dogo, da gajeren wando da usur a wuya, tare da mudir, wato shugaban ofishin matasa na garin. Nasaran wata ƙungiya ce ta ƙasarsu ta aiko shi, wai suna yawo ƙasa-ƙasa suna gina matasa da wasanni. Ana neman mai jin Faransanci, kafin a rufe baki na yar da shebur. Nasaran ya ce ya ji labarin akwai samari 'yan ci-rani da yawa da ba su da abin yi ranar hutu, yana so ya koya mana haɗin kai da tarbiyya da yarda da kai. Mutanen da suka keto Sahara a bayan akori-kura, suna raba ruwan jarka ɗaya su goma, su ne za a koya wa haɗin kai da usur. A lokacin ban ga abin dariyar ba. Abin da na gani shi ne Nasara ya dafa kafaɗata ya kira ni abokin aikinsa.

Ni na kai shi filinmu. Ba wanda ya aike ni, burga ce kawai, ina so ya ga mu ma muna da abinmu. Ya tsaya ya kalli kokawa uku yana tafi kamar yaro. Da aka tashi sai ya fiddo igiyar awo. Ya ce wuri ya yi kyau ƙwarai, tunda matasa sun riga sun saba zuwa, za a zuba kankare a yi filin ƙwallon kwando da na ƙwallon hannu. Kamfani zai ba da siminti, mu kuma mu yi aikin da hannunmu kyauta don mu ji cewa namu ne.

Na juya wa jama'a da Hausa, har ina ƙara gishiri. Samari suka hau murna, don an ambaci riguna da takalma. Kawu yana zaune kan tsohuwar taya, sai ya ɗago kai.

"Tambaye shi, ina za mu faɗi?"

Na tambaya. Nasara ya yi dariya ya ce kada tsoho ya damu, akwai katifu na musamman da ake kokawa a kansu a ƙasashen da suka ci gaba, sun fi yashi tsabta, suna cikin jirgin ruwa. Mudir ya gyaɗa kai. Kawu ya dube ni, ba Nasaran ba.

"Kai ka gan su, katifun?"

"Kawu, mutanen nan ba sa ƙarya."

Kawu ya miƙe. Ya sa takalminsa ya tafi.

Juma'ar da aka fara aiki ya zo, amma ya rantse hannunsa ba zai taɓa ba. Ya koma kan tayarsa ya naɗe hannu. Mu samari muka kwashe rairayin muka tara gefe, muka kafa katako, muka fara cuɗi. Da aka zo maganar yashin cuɗi sai wani ya ce ga tsibi nan tankaɗaɗɗe, ina dalilin ɗebo wani? Haka muka riƙa ɗibar rairayin da muka yi shekara da shekaru muna tsincewa da yatsa, muna zuba masa siminti da ruwa. Ban taɓa ganin kwaɓi mai kyau irin na ranar ba.

Aikin kuwa na 'yan koyo ne. Katakon ya karkace, gefe ɗaya ya fi tudu, in an yi ruwa ko wanki sai ya kwanta a tsakiya. Ina satar kallon Kawu, na ga yana ta gyara zama. Ya kau da kai, ya sake dubawa. Ya yi tsaki. Da wani yaro ɗan Maraɗi ya fara shafe da cokalin gini yana barin layi-layi kamar kunyar gero, sai Kawu ya miƙe tsam.

"Ba ni nan! Wane sakarai ya koya maka aiki? Ku kwance katakon nan duka, ku kawo mini zare."

Shi ke nan. Rantsuwa ta bi iska, daga baya ya yi kaffararta da azumi uku. Juma'a uku yana durƙushe a kan filin, yana auna shi da zare da ma'aunin ruwa, yana shafe shi har ya yi sulɓi, ya sa muna yi masa ban ruwa safe da yamma don kada ya tsage. Ba don yana so ba, idonsa ne ba ya iya ganin aikin banza ya wuce. Duk gine-ginen da ya yi a Sabha babu wanda ya kai daɓen nan ƙarfi. Da ya bushe ya buga masa guduma, ta yi tsalle ta dawo. Nasara ya ce a gaya masa shi gwani ne, na gaya masa, ya tofar da yawu.

Daga nan abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Aka kewaye filin da waya aka sa ƙofa. Aka ce shiga sai da kati, kati kuma sai mai iƙama, takardar izinin zama, wadda a cikinmu masu ita ba su cika hannu ba. Kawu yana da ita, amma aka ce shekarunsa sun wuce na matashi. Katifu kullum suna hanya. In na tambayi mudir sai ya ce "bukra", gobe, har na daina tambaya. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne da mai gareji ya kira mu ya ce 'yan sanda sun sanar da shi, tunda yanzu an yi wa baƙi wurin wasa na hukuma, duk taron da aka gani a wani wuri an haramta shi, ko a bayan gari ne. Wanda aka kama, mota ce zuwa iyaka. Da Kawu ya ji wannan, daga ranar ya daina ɗaga buhunsa.

Aka sa ranar buɗe fili, sai ta faɗo daidai Juma'ar Ba'adare. Ba dacewa ba ce kawai, bakina ne. Ni na ba Nasara labarin ramuwar, ya ce abin ya yi daɗi, manyan baƙi za su so ganin wasan gargajiya, kuma ranar kowa zai shiga ba kati. Na je wa Kawu da wannan a matsayin albishir. Har na kawo shawara, na ce su ɗan yi ta wasa-wasa, su kama juna su zagaya, ɗaya ya durƙusa a hankali, baƙi ba za su gane ba.

"Kokawar ƙarya?" in ji shi. "A gaban mutanen da sun ka ga an kada ni da gaske? Tashi ka ba ni wuri."

Ranar ta zo. An kafa rumfa an jera kujeru, manya sun zauna da baƙin tabarau. An raba wa samari riguna masu lamba, aka ce kada a ɓata su don za a karɓa bayan hoto. Aka jera mu muna jefa ƙwallo cikin kwando, rabinmu ba mu taɓa riƙe ta ba, Nasara yana ta busa usur. An yi jawabai da Larabci da Faransanci, ni ina tsaye kusa da rumfa da rigata mai lamba ina juyawa, ƙirjina a buɗe. A tsakiyar filin kuwa an shimfiɗa tamfol, an barbaɗa masa yashi don ya yi kama da na gargajiya a hoto. Na taka shi da ƙafata. Kaurinsa bai kai yatsa ɗaya ba.

Ba'adare ya iso da ƙullin kayansa, motarsa za ta tashi washegari da safe. Dogo ne, baƙi, mai fara'a, ya girmi Kawu ma da kaɗan. Ya je ya tsuguna ya tona yashin da yatsa, ya ƙwanƙwasa abin da ke ƙasa, ya zo wurin Kawu.

"Badamagare, wanga hili ba na kokowa ba ne. Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni."

"To ka iya mugunta. Mu bar ta, na yahe. In mun gamu gida mu yi."

Dukansu sun san ba za su gamu ba, tsakanin Adar da Damagaram ba nan kusa ba ne, kuma shekaru sun ja. Duk da haka na ga Kawu ya sunkuyar da kai kamar zai yarda. Sai Nasara ya taɓo ni ya ce baƙi sun fara duba agogo, a ce wa mai ganga ya fara. Na ɗaga wa makaɗi hannu. Shi kuma abin da ya sani ya yi, ya saki taken Kawu, wanda ake kaɗa masa tun yana saurayi a gida, ya hau yi masa kirari. Jama'a suka ɗauki ihu. Duk wanda ya tashi a cikin kokawa ya san abin da na manta a lokacin, ko in ce na ƙi tunawa: ɗan kokawa ba ya jin takensa a gaban abokin karawarsa ya ci gaba da zama. Kawu ya cire riga, ya ɗaura gurunsa, ya shiga. Ba'adare ya girgiza kai ya bi shi.

Sun daɗe suna zagaya juna, yashin yana zamewa a ƙarƙashin ƙafafunsu, tamfol yana tattarewa. Da farko a hankali suke yi, kowa yana tsoron abin da ke ƙasa. Amma jiki in ya ɗumama ba ya tuna wannan. Ba'adare ya kawo hannu zai kama wuya, Kawu ya nutse ta ƙarƙashinsa, ya rungume cinyoyinsa biyu, ya ɗaga shi sama cak. Ƙafafun mutumin nan suna lilo a iska. Filin ya kaure. Wannan ne kamun da ya yi shekara biyu yana shiryawa, abin da ya rage kawai ya juya ya maka shi da ƙasa, da ka ko da kafaɗa, yadda aka saba a kan rairayi.

Ina kusa, na ga fuskarsa. Ya dubi ƙasa. Ya san abin da ya zuba a wurin, ya san kaurinsa, shi ya ba shi ruwa. Sai ya tsaya da mutum a sama, yana neman yadda zai sauke shi a hankali, kuma ba a tsayawa da ƙato irin wannan a hannu. Tamfol ya zame. Maimakon ya sake shi, sai ya ƙara ƙanƙame shi ya tafi da baya, Ba'adare ya faɗo a kansa da dukan nauyinsa. Ƙarar da ƙugun Kawu ya yi a kan daɓen nan, kamar an taka busasshen kara, har rumfa an ji ta.

Ganga ta tsaya. Manyan rumfa kuwa suka hau tafi, a zatonsu haka wasan yake ƙarewa. Ba'adare ya mirgina gefe ya tallafo kan Kawu yana salati. Kawu bai yi ihu ba, haƙoransa kawai ya datse, gumi yana zubo masa, ƙafarsa ta dama ta juya wani iri.

Sai Nasara ya matso da mai hotonsa, yana murmushi, bai ma lura ba tukuna. Ya ce mini abin ya ƙayatar ƙwarai, sai dai mai hoto yana canza fim lokacin ɗagawar, ko za su iya maimaita wurin nan kaɗai? Wata biyu ina juya duk abin da ya fito daga bakin mutumin nan ba tare da ya bi ta kaina ba. Kafin in ankara na ji muryata, da ƙarfi, da Hausa, a kan kawuna yana kwance:

"Wai ku sake, mai hoto bai ɗauka ba."

Ba wanda ya zage ni, da ma an yi. Ba'adare ya ɗago ya dube ni tun daga rigar mai lamba har ƙasa, ya ce, "Ɗan wa ne wanga?" Wani ya ce ɗan 'yar'uwarsa ne. Ya ce, "Allah shi kyauta." Ban taɓa jin ƙyamar wani mahaluki ba kamar yadda na ji ƙyamar kaina a wurin nan.

A kan ƙyauren gareji muka ɗauke shi zuwa asibiti. Nasara ya rikice da ya gane, ya biyo mu yana ba da haƙuri, ban juya ko kalma ɗaya ba, ban kuma sake zuwa inda yake ba. Kafin wata ya cika an ce ya wuce wata ƙasa. Ba'adare ya bar motarsa ta tafi, ya yi mako biyu yana jinyar Kawu tare da ni, bai taɓa yi mini magana ba sai in zai ce miƙo ruwa. Ƙashin ya haɗe a karkace. Mutumin da ba ya iya ganin layin bulo ya kauce, haka ya ƙare rayuwarsa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Bai sake hawa gini ba. A kwance a kan buhunan dabino direban nan ɗan Agadas ya kai shi gida.

Na yi shekara huɗu ban koma ba, kunya ta hana ni. Da na je na same shi a ƙofar gida da sandarsa, samarin unguwa sun kewaye shi suna tambayarsa labarin kokawar Libiya. Na zauna daga gefe. Sai na ji yana ce musu a duk zamansa can mutum ɗaya ne ya gagare shi, wani Ba'adare, ya kada shi har sau biyu. Ko kankaren bai ambata ba. Sai na tsoma baki.

"Kawu, ba haka aka yi ba. Kai ka ɗaga shi. Kowa ya gani, da ka so da ka..."

"Bayan wa ya taɓa ƙasa?"

"Naka, amma ai don kada ka..."

"To yi mini shiru," in ji shi. "Ba na son tafinta."